Katangar Kwana 37: Wa Ke da Lambun Gari?

Ranar 16 ga watan Mayu, 2025, wani alƙalin Babbar Kotun Ingila, Mai Shari'a Mould, ya yanke hukunci a kan wata ƙara wadda mai jin labarinta daga nesa zai ce ba ta taka kara ta karya ba. Wata mata ce mazauniyar kudancin birnin Landan, tare da goyon bayan ƙungiyar maƙwabta da ake kira Protect Brockwell Park, ta kai ƙarar hukumar gundumarsu, watau Lambeth, a kan lambun shaƙatawa na unguwarsu mai suna Brockwell. Lissafin kwanaki ne ya kai su gaban shari'a. Dokar tsara gari ta ƙasar ta yarda a juya fili zuwa wani amfani na ɗan lokaci, kamar baje koli ko biki, har tsawon kwana 28 a shekara ba tare da an nemi cikakken izini ba. Hukumar Lambeth kuwa ta ba wani kamfanin shirya bukukuwan kiɗa takardar shaida cewa abin da zai yi bai ƙetare wannan iyaka ba, alhali kuwa idan aka ƙidaya tun daga ranar da za a fara kafa katanga har zuwa ranar da za a gama kwashe ta, kwana 37 ne cur. Alƙali ya ce wannan shawara ta hukuma ta saɓa wa hankali, ya kuma soke takardar.

Mazauna unguwa suka yi murna, amma murnar ba ta yi mako guda ba. Kamfanin ya sake neman wata takardar wadda aka rage wa kwanaki, hukuma ta bayar, katanga ba ta gusa daga inda take ba, ranar 23 ga watan aka buɗe biki na farko kamar ba a taɓa zuwa kotu ba.

Mai karatu yana iya tambaya, ina ruwan mujallar ɗalibai da rigimar ciyawar Turawa? Ruwanmu shi ne, da yawa daga cikinmu nan da shekara biyu ko uku ma'aikatar ƙasa da safiyo za mu shiga, ko hukumar tsara birane, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu daga masu karanta mu ma suna can yanzu. Tsarin da za mu yi aiki da shi kuwa daga can ya samo asali, domin dokar tsara gari da aka kafa wa Nijeriya a 1946 an kwaikwayo ta ne daga ta Ingila ta 1932. Takarda irin wadda aka soke a Lambeth ma'aikaci ne ya duba ta, ma'aikaci ne ya sa mata hannu. Saboda haka ya kamata mu fahimci abin da ya fusata waɗannan mutane tun kafin irin takardar ta iso teburinmu. Ra'ayinmu dai shi ne mazauna unguwar suna da gaskiya, ko da yake ba kowane dalili da suka kawo ne muka karɓa ba, kuma gaskiyar tasu tana ga katangar da aka kafa, fiye da ƙarar kiɗan da jaridu suka fi yayatawa.

Kafin a gane nauyin katangar, sai an san yadda lambun ya zama na jama'a. Brockwell fili ne mai girman hekta 50 da ɗoriya, a kan wani tudu tsakanin unguwannin Brixton da Herne Hill da Tulse Hill. Da can gandun wani attajiri ne mai sana'ar gilashi, John Blades, wanda ya gina babban gidan da ke saman tudun tsakanin 1811 da 1813. Da birnin ya yi ta faɗaɗa yana haɗiye gonaki a ƙarshen ƙarni na 19, sai wasu masu hangen nesa suka tashi tsaye domin a sayi gandun da kuɗin jama'a kafin magina su yayyanka shi. Wanda ya ja gaban wannan fafutuka shi ne wakilin yankin a majalisar dokoki, Thomas Bristowe, kuma abin tausayi, a ranar da aka buɗe lambun cikin watan Yuni na 1892, a nan wurin bikin ajali ya same shi. Irin wannan tarihi ne da sauran lambunan birnin. Victoria Park da ke gabashin Landan an buɗe shi a 1845, bayan mutane kimanin 30,000 sun sa hannu a takardar koke zuwa ga Sarauniya, saboda talakawan wannan yanki suna mutuwa cikin hayaƙi da cunkoso ba su da inda za su shaƙi iska. Finsbury Park da ke arewa an buɗe shi a 1869. Dalilin yin su duka ɗaya ne, watau a sami wuri guda a cikin birni inda lebura da maigidansa za su shiga ta ƙofa ɗaya ba wanda zai ce su biya ko kwabo.

To, me ake yi wa wannan wuri idan lokacin biki ya zo? Kwanaki kafin a buga ganga ta farko manyan motoci ke fara shigowa da ƙarafa da janareto da bandakunan tafi-da-gidanka. Akan kewaye wani babban yanki da katangar ƙarfe wadda ta fi tsawon mutum, ba a ganin abin da ke bayanta, kuma galibi yankin da ake kewayewa shi ne shimfiɗaɗɗen wurin da yara ke ƙwallo, domin shi ya fi dacewa da dandamali. A Finsbury Park, inda aka mayar da bikin Wireless a 2014, yankin da aka rufe ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na lambun, mahalarta kuwa sukan kusanci 50,000 a yini. A Brockwell manyan bukukuwan kuɗi sun yi ƙarfi ne daga 2018, shekarar da aka kawo bikin Field Day, sa'an nan wasu suka biyo baya irin su Cross the Tracks da City Splash, ana jera su bi da bi a ƙarshen Mayu da farkon Yuni. Wanda bai san yanayin ƙasar ba ba zai gane abin da wannan lokaci yake nufi ba. Mutanen da suka kwashe rabin shekara cikin sanyi da duhu da yayyafi, rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, watannin Mayu zuwa Agusta su ne 'yan kwanakin da suke iya zama a waje har ƙarfe tara da haske. Kwana 37 daga cikin waɗannan ba daidai suke da kwana 37 na Janairu ba, kamar yadda manomi ba zai yarda a karɓe masa gona a watan Yuli a ce ai za a maido masa da rani ba.

Ɓarnar kuma ba ta ƙarewa ranar da aka kwashe katanga. Ƙasar Landan laka ce, idan manyan motoci da dubban ƙafafu suka danne ta sai ta daskare, ruwa ba ya ratsa ta, saiwar bishiya ba ta samun iska. Ciyawa ana iya sake shuka ta cikin 'yan makonni, amma bishiyar da ta shekara ɗari idan saiwarta ta shaƙe, a hankali take mutuwa, sai bayan shekaru a ga ta bushe, lokacin da ba wanda zai iya cewa ga bikin da ya kashe ta. A 2024 an yi ruwa mai yawa a tsakiyar bukukuwan Brockwell, filin ya koma taɓo. Abin lura shi ne wanda aka soke a wannan mako domin a ceci filin: bikin yara ne na kyauta mai suna Brockwell Bounce. Bukukuwan da aka sayar wa tikiti kuwa an ci gaba da su. Ba ma buƙatar wani dogon sharhi a kan wannan.

Batun ƙara kuwa, a nan ne ya kamata a yi adalci ga kowane ɓangare. Gaskiya ne akwai iyakar da hukuma ke sawa, akwai kuma ma'aikata masu na'urar auna ƙara a bakin gidaje. Sai dai ma'aunin da aka saba amfani da shi yana rage nauyin sauti mai kauri, irin dukan babbar ganga, alhali shi ne ke ratsa bango ya girgiza taga, har mai jinya ko ma'aikacin dare da ke son barcin rana ya ji shi a ƙirjinsa. Saboda haka kamfani yana iya rantsuwa bai ƙetare iyaka ba, maƙwabci kuma ya rantse bai runtsa ba, dukansu biyu kuma ba wanda ya yi ƙarya. Amma duk da haka ƙara abu ne da ake iya daidaitawa da agogo. A watan Yuli na 2012 a Hyde Park an kashe wa Bruce Springsteen da Paul McCartney lasifika saboda lokacin tashi ya wuce, duniya ta yi ta dariya, amma abin ya nuna cewa idan hukuma ta ga dama, ko wane ne a kan dandamali doka tana iya hawansa. Ƙarar dare uku ko huɗu a shekara, idan an tashi da wuri, ba ta fi ƙarfin haƙurin maƙwabtaka ba. Wanda ya zaɓi zama a tsakiyar birni mai mutum kusan miliyan 9 bai kamata ya nemi shirun ƙauye ba.

Yanzu sai mu saurari hukuma, domin hujjarta ba ta banza ba ce. Daga 2010 gwamnatin tsakiya ta Birtaniya ta shiga tsuke bakin aljihu, kuma ƙananan hukumomi ne suka fi ji a jikinsu. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana a 2018 cewa tallafin da gwamnati ke ba su ya ragu da kusan rabi, watau kashi 49 cikin 100, a cikin shekara bakwai. Doka ta wajabta wa hukumar gunduma kula da tsofaffi da naƙasassu da yaran da ba su da mai riƙo, da sama wa marasa gida matsuguni, amma ba ta wajabta mata kula da lambu ba. Wani kwamitin majalisar dokoki ya binciki halin lambunan a 2017, ya yi gargaɗin cewa suna gab da lalacewa, amma bai ba da shawarar a mai da kula da su wajibi ba. To, idan kai ne ma'ajin gunduma, ga tsohuwa tana jiran mai yi mata wanka, ga ciyawa tana jiran mai yanka, wa za ka fara biya? Sai ga kamfani ya zo da kuɗi a hannu yana neman aron fili na 'yan makonni. A 2023 hukumar Haringey, wadda ke riƙe da Finsbury Park, ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin Festival Republic, ta ce bukukuwan suna kawo wa lambun kimanin fam miliyan 1.2 a shekara. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ɗora laifin duka a kan kansilolin gunduma ya manta da waɗanda suka yanke musu kaso tun daga sama.

Akwai kuma hujja ta biyu wadda ta fi wannan kaifi, kuma mu 'yan Afirka ya kamata mu saurare ta da kyau. Masu goyon bayan bukukuwan sun ce a duba ko su wa ke kuka, a kuma duba kiɗan su wa ake kuka da shi. Gidajen da ke fuskantar lambu su ne mafi tsada a unguwa, kuma daga cikin waɗanda suka mara wa ƙarar Brockwell baya har da shahararren ɗan wasan kwaikwayo Mark Rylance, mutumin da muryarsa ke isa inda ta talaka ba ta isa. Kiɗan da ake yi a Wireless da City Splash kuwa na baƙar fata ne, na Amurka da Jamaika da Afirka ta Yamma. A Wireless na 2025 har da ɗan ƙasarmu Burna Boy a kan dandamali. Wannan zargi yana da tushe a tarihi. Daga 2005 zuwa 2017 'yan sandan Landan suna da wani fom mai lamba 696 wanda masu shirya wasu irin kaɗe-kaɗe ke cikawa kafin a bar su su yi wasa, fom ɗin da a farkonsa har tambayar ƙabilar waɗanda za su halarta yake yi, sai da aka yi ta kuka cewa baƙar fata ake nufi da shi kafin aka janye shi. Haka kuma da aka sake duba lasisin Wireless a 2018 bisa koken maƙwabta, ban da rage rabin sa'a daga lokacin tashi na ranar Lahadi, sai da aka saka sharaɗin a roƙi mawaƙa su bar ashar. Mu ba masu son ashar ba ne, amma muna lura da cewa wannan sharaɗi bai dawo wa yaran unguwa da ko taku ɗaya na fili ba.

Duk da haka wannan hujja, idan aka bi ta har ƙarshe, ga mazauna unguwa take komawa. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya bayyana a 2020 cewa gida ɗaya cikin biyar a Landan ba shi da wani tsakar gida ko lambu, nasa ko na tarayya, kuma a Ingila baƙar fata sun ninka Turawa kusan sau huɗu wajen rashin wani fili a gida, kashi 37 cikin 100 a kan kashi 10. Mai gidan da ke fuskantar lambu, idan kiɗa ya ishe shi, yana da bayan gida mai ciyawa, yana kuma iya ɗaukar iyalinsa su tafi bakin teku har a gama. Matar da ke hawa na goma na benen gwamnati da yara uku a ɗaki biyu ita ce ba ta da wani wuri sai wannan, ita ce kuma ba za ta iya sayen tikitin da a Wireless na 2025 ya haura fam 100 na yini guda ba. Kasancewar mawaƙin baƙar fata ne bai sa ɗanta ya samu shiga ba. Kamfanin da ke karɓar kuɗin Wireless kuwa reshe ne na Live Nation, wani ƙaton kamfani na Amurka. Idan mai kuɗi ne ya fi ɗaga murya a kotu, wannan ya nuna ne kawai wa ke iya ɗaukar lauya. Bai nuna wa aka fi cuta ba.

Tarihin Brockwell kansa ya raba mana gardama a kan ko kiɗa ne matsalar. Ranar 24 ga Satumba, 1978, an yi gangamin kiɗa na yaƙi da wariyar launin fata a wannan lambu, ƙarƙashin ƙungiyar Rock Against Racism, inda Elvis Costello da Aswad suka yi wasa gaban taron da ya fi na kowane bikin kuɗi na yau yawa. An yi ƙara, an tattake ciyawa, amma kowa ya shiga kyauta, washegari kuma filin ya koma hannun masu shi. Haka nan bikin gargajiya na gundumar, Lambeth Country Show, wanda aka fara a 1974, shekara da shekaru ana yin sa a nan da tumaki da furanni da makaɗa ba a karɓi kuɗin shiga ba. Jama'a su taru a filinsu su yi kiɗa, wannan yana daga cikin abin da aka yi filin dominsa. A kewaye filin a ce sai mai tikiti, wannan ya zama haya, kuma mai ba da hayar ba shi ne mai kayan ba.

Wannan magana tana da gindi a dokarsu. Wata doka ta 1906 ta ce fili irin wannan hukuma tana riƙe da shi ne a matsayin amana domin jama'a su more shi. Wata kuma ta 1967, wadda aka yi musamman domin lambunan Landan, ta ƙayyade cewa yankin da za a keɓe domin kallon wasa kada ya wuce eka ɗaya ko kashi ɗaya cikin goma na fili, duk wanda ya fi girma. Da wannan ne ƙungiyar Friends of Finsbury Park ta kai ƙarar Haringey a 2016. Ta faɗi a Babbar Kotu, ta sake faɗuwa a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2017, domin alƙalai sun ce wani sashe na dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ya ba hukuma ikon shirya nishaɗi da rufe wani yanki dominsa, kuma tana iya bi ta wannan ƙofa ta bar waccan. A fuskar shari'a an gama magana. A fuskar hankali kuwa, majalisar da ta zauna a 1967 ta auna ta ce kashi ɗaya cikin goma, lalle tana da abin da take gudu, kuma abin da take gudun shi ne ake gani a yau. Amintacce wanda ya sami dokoki biyu, ɗaya ta ɗaure shi ɗaya ta sake shi, ya zaɓi wadda ta sake shi, bai karya doka ba, amma masu amana suna da damar su dube shi da wani ido.

Akwai ma wani ƙarin rashin adalci a Finsbury Park wanda ba a cika ambata ba. Lambun yana kan iyakar gundumomi uku ne, Haringey da Islington da Hackney. Ƙara da cunkoson tasha da masu fitsari a bakin ƙofa duka ukun suke rabawa, amma Haringey ce ke ba da izini, ita ce ke karɓar kuɗi. Mutumin Hackney da tagarsa ke girgiza ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kansilan da ya sa hannu.

Ba muna cewa a haramta manyan bukukuwa a lambuna ba ne. Samari da 'yan mata na birni suna da haƙƙin su ga mawaƙan da suke so ba sai sun yi tafiyar yini zuwa wata gona ba, kuma ɗaruruwan mutane ke samun aikin 'yan kwanaki a wurin. Abin da muke cewa shi ne lissafin ya zama na gaskiya. Ranar da aka kafa ƙarfe na farko ita ce ranar farko, ranar da yaro ya sake buga ƙwallo a wurin ita ce ta ƙarshe, kuma makonnin da aka killace fili ana jiran sabuwar ciyawa ta fito su ma a ƙidaya su. Idan jimlar ta wuce abin da doka ta yarda, a nemi cikakken izini, a liƙa sanarwa, a saurari masu suka a bainar jama'a, domin amfanin cikakken izini ke nan, shi ne kuma abin da takardar Lambeth ta so ta kauce wa. Sa'an nan a buga wa jama'a nawa aka karɓa da inda kowane fam ya shiga, a daina fakewa da cewa sirrin ciniki ne. Wanda ya ba da hayar gonar marayu ba ya ce wa marayun kuɗin haya sirri ne. Manyan filayen ƙwallo kuwa, irin su Wembley, an gina su ne domin taron dubban mutane, da ƙofofi da bandakuna da tashar jirgin ƙasa a kusa. Abin da ya sa kamfani ya fi son lambu shi ne a can yana iya shimfiɗa dandamali da yawa da rumfunan saye da sayarwa yadda ya ga dama, kuma wani ɓangare na asarar maƙwabta ne ke ɗauka.

A nan gida kalmar amana tana cikin dokarmu baƙi da fari. Sashe na farko na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya ce zai riƙe ta ne amana domin amfanin dukan 'yan Nijeriya. Mun ga abin da ya faru da Filin Idi na Ƙofar Mata a Kano, inda wata gwamnati ta bari aka gina shaguna, wata ta zo a 2023 ta rushe su, aka ƙare a kotu. Namu ya fi nasu muni, domin katangar Brockwell ana kwashe ta, tamu kuwa ta bulo da siminti ce. Amma mafarin ɗaya ne: hukuma ta rasa kuɗi, ta waiwaya ta ga fili a sarari wanda ba ya kawo ko sisi, sai ta ɗauka ba shi da amfani, domin amfaninsa ba ya shiga littafin ma'aji.

Mutanen Finsbury Park dai, ko da suka faɗi a kotu, ba su tashi a tutar babu ba. Tun da an tabbatar cewa lambun amana ne, hukumar Haringey ta amince cewa kuɗin da bukukuwa ke kawowa a kan lambun kansa za a kashe shi, ba za a zuba shi cikin babban asusun gunduma ba. An gyara wuraren wasan yara, an biya masu kula da wurin daga wannan kuɗi. Sai dai wannan nasara tana da ƙugiya a cikinta. Da zarar albashin mai yankan ciyawa ya rataya a kan tikitin biki, duk wanda ya tashi a taron unguwa ya ce a rage kwanakin katanga, amsar da za a ba shi ita ce, to wa za a sallama daga aiki? Yarjejeniyar da Haringey ta sa wa hannu a 2023 an ƙulla ta ne har zuwa 2027.